Wa Ya Zaɓi Waƙar da Ke Bakinka?



Watanni kaɗan da suka wuce, wasu daga cikin 'yan ƙungiyar mawaƙanmu suka haɗa kuɗi suka shiga situdiyo, suka ɗauki waƙoƙi huɗu. Mun saurare su, kuma ba don namu ne ba, aikin ya yi kyau. Suka zuba a filas suka kai wani gidan rediyo mai zaman kansa. Ma'aikacin da ya tarbe su ya yi musu fara'a, amma ya ce su yi haƙuri, yanzu ba mutum ne ke zaɓen waƙa ba, kwamfuta ce. Suna fitowa, kafin su kai bakin ƙofa, wani ya biyo su ya raɗa musu cewa idan suka ba wane na goro, waƙarsu za ta fita ko a cikin makon nan. Suka dawo suka same mu da tambaya: "Baba Fasto, wanne ne gaskiya a ciki? Kuma mu bayar ko kada mu bayar?"

Tambayar ta wuce waƙoƙi huɗu. Ta shafi duk wanda ke shiga keke-napep ko motar haya, ko yake jiran layi a shagon aski, waƙa tana shiga kunnensa ba shi ya nema ba, washegari ya tsinci kansa yana rera ta yana wanki. Wa ya zaɓa masa ita? Mun ɗan bi diddigin lamarin, ga kuma matsayarmu: kwamfuta ba ta da son rai da za ta zaɓar wa kowa waƙa. Har gobe mutum ne ke zaɓa, sai dai ya koma bayan labule. Wannan fakewar ita ce abin da ya kamata ya dame mu.

Mu fara da yadda gidan rediyo na kasuwa yake cin abinci. Kai da ke saurare ba ka biyan ko sisi. Masu talla ne ke biya, kuma abin da suke saye shi ne kunnenka. Aikin waƙa a wurin mai tasha shi ne ta riƙe ka har lokacin talla ya zo. Saboda haka babu abin da yake tsoro kamar hannunka ya kai kan rediyo ka canza tasha. Waƙar da ka sani takan zaunar da kai. Wadda ba ka taɓa ji ba, ko da ta fi daɗi, tana iya sa ka juya. Idan ka riƙe wannan, sauran labarin zai zo maka da sauƙi.

Tsarin da yawancin gidajen rediyon kiɗa suke bi a yau a Amurka aka haife shi. A farkon shekarun 1950, wani matashi mai suna Todd Storz yana da tasha a birnin Omaha. Ana ba da labari cewa ya zauna a wani wurin shan abin sha inda akwai akwatin kiɗa da ake jefa wa kwabo, ya lura mutane suna ta maimaita waƙoƙi kaɗan, alhali akwatin cike yake da faya-fayai. Ko labarin ya faru haka ko an ƙara masa gishiri, abin da Storz ya yi sananne ne: ya taƙaita waƙoƙin tasharsa zuwa 'yan kaɗan da suka fi tashe, ya riƙa juya su dare da rana. Masu saurare suka ƙaru, wasu tashoshi suka kwaikwaya, aka sami tsarin da ake kira Top 40, wato waƙoƙi 40 da ke kan gaba.

A wancan lokacin masu gabatar da shiri suna da iko sosai. Faifan da suka ga dama shi suke ɗorawa. Kamfanonin faifai suka gane cewa hanya mafi kusa zuwa kunnen jama'a ita ce aljihun mai gabatarwa, sai kuɗi da kyaututtuka suka fara yawo. A 1959 asiri ya tonu, majalisar dokokin Amurka ta shiga bincike. Alan Freed, ɗaya daga cikin mashahuran masu gabatar da kiɗa na zamanin, ya rasa aikinsa, daga baya kuma ya amsa laifin karɓar toshiyar baki a gaban kotu. A 1960 aka gyara doka, aka ce duk waƙar da aka biya kuɗi don a saka ta, dole a sanar wa masu saurare. Masu tashoshi kuma suka ƙwace ikon zaɓe daga hannun masu gabatarwa, suka miƙa wa mutum ɗaya ko biyu a ofis, wato shugaban shirye-shirye da mai kula da kiɗa.

Ku lura da wannan, 'yan'uwa. Tun kafin kwamfuta ta shigo, an riga an raba mai magana a rediyo da zaɓen waƙa. Kati ake rubuta wa kowace waƙa a jera a cikin akwati. Mai gabatarwa ya zaro na gaba, ya saka waƙar, ya mayar da katin baya. A 1979 wani masanin lissafi da kwamfuta mai suna Andrew Economos ya fito da manhajar da ake kira Selector, wadda ta karɓi aikin akwatin katin. Ita da ire-irenta, kamar MusicMaster, su ne suka bazu a gidajen rediyo na ƙasashe da yawa.

Ga yadda take aiki. Mai kula da kiɗa yakan shigar da waƙoƙi, ya raba su aji-aji. Akwai ajin waɗanda ke tashe yanzu, su ne ake juyawa da sauri. Akwai masu tasowa, akwai waɗanda suka fara sanyi, akwai tsofaffin da ba a gajiya da su. Kowace waƙa yakan yi mata alama: mai sauri ce ko mai sanyi, namiji ne ya rera ko mace, ta murna ce ko ta baƙin ciki. Sai ya zana awa ɗaya kamar fuskar agogo, ya ce bayan labarai a saka ta ajin farko, sai tsohuwa, sai talla, sai ta ajin farko kuma. Daga nan ya kafa dokoki: kada mawaƙi ɗaya ya fito sau biyu cikin awa guda, kada waƙoƙi masu sanyi biyu su biyo juna, kada waƙar da aka saka jiya da ƙarfe 7 na safe ta sake fitowa yau a daidai wannan lokacin. Ya danna, cikin ɗan lokaci manhajar ta jera masa waƙoƙin yini guda, shi kuma ya duba ya gyara inda bai yi masa ba.

To, a cikin wannan duka, ina ne kwamfuta ta yi zaɓe? Ba ta iya ɗauko waƙar da ba a shigar mata ba. Ba ta iya ɗaga waƙa daga ajin ƙasa zuwa na sama. Kamar injin niƙa take, abin da aka zuba shi ke fitowa. Don haka ma'aikacin da ya ce wa yaranmu kwamfuta ce ke zaɓa ya faɗi rabin gaskiya. Ita ce ke jerawa, amma akwai mutum mai suna da kujera da ya yanke cewa waƙarsu ba za ta shiga cikin injin ba.

Shi ma wannan mutumin ba kunnensa kaɗai yake bi ba. Manyan tashoshi sukan biya a yi musu bincike. A kira mutane ta waya, ko a tara su a zaure, ko a aika musu ta intanet, a saka musu 'yan daƙiƙoƙi na amshin kowace waƙa, a tambaye su: ka san ta? Kana son ta? Ka gaji da ita? Wadda ta ci maki ta hau, wadda ta faɗi a sauke ta. A ido wannan ya yi kama da adalci, tunda jama'a aka tambaya. Amma wa zai ba sabuwar waƙa maki mai yawa daga jin 'yan daƙiƙoƙi? Gwajin yana fifita abin da kunne ya riga ya saba da shi. A 1968 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Robert Zajonc ya wallafa binciken da ya nuna cewa yawan cin karo da abu kaɗai yana sa mutum ya ƙara son sa. Akwai tashoshi a Amurka da ke saka waƙar da ta fi tashe fiye da sau 100 a mako, mako kuwa awa 168 ne. Ana maimaita ta har ka so ta, sannan a tambaye ka, ka ce kana son ta, sai a ƙara maimaita ta da hujjar cewa kai ne ka nema.

Wani abin da ya fi damun mu shi ne yadda son zuciyar mutum yake shiga cikin dokokin manhaja ya ɓace. A 2015 wani mai ba gidajen rediyo shawara a Amurka, Keith Hill, ya yi hira da wata mujallar masu sana'ar. Ya ce tashar kiɗan kantiri, wato kiɗan da ya samo asali daga karkarar Amurka, idan tana son masu saurare to ta rage mawaƙa mata. Ya kwatanta maza da ganyen latas a cikin kwanon salak, mata kuma da tumatirin da ake ɗan yayyankawa a sama. Maganar ta tayar da ƙura, mawaƙa mata suka yi ca a kansa. Amma abin da ya fito fili shi ne cewa tashoshi da dama sun daɗe suna bin ƙa'idar kada a saka mata biyu a jere. Idan aka rubuta irin wannan ƙa'ida a cikin manhaja, za ta bi ta kullum, ba gajiya ba jin kunya. Yarinyar da ta kai waƙarta aka ƙi sakawa za a ce mata kwamfuta ce, ita kuwa ba ta da wanda za ta tuhuma.

Da mutanen da ke bayan labulen suna da yawa, da da sauƙi, domin idan wannan ya ƙi ka wancan zai karɓe ka. Amma a 1996 Amurka ta cire iyakar yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin ƙasar. Kafin nan iyakar 40 ce. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel, wanda yanzu ake kira iHeartMedia, ya mallaki kusan 1,200. A 2003, da wata mawaƙiyar ƙungiyar Dixie Chicks ta soki Shugaba George Bush a wani wasa a Landan kan shirin yaƙin Iraƙi, kamfanin Cumulus ya hana tashoshinsa na kantiri saka waƙoƙinsu har wata guda. Umarni ɗaya daga ofis ɗaya ya rufe bakinsu a garuruwa masu yawa. Haka kuma aka saba da mai gabatarwa ya zauna a wani birni ya ɗauki maganganunsa tun da wuri, kwamfuta ta saƙa su a tsakanin waƙoƙi a wani gari da bai taɓa takawa ba. A 2023 wata tasha a birnin Portland ta fara amfani da ƙirƙirarriyar basira tana kwaikwayon muryar wata ma'aikaciyarta a wani ɓangare na shirin rana.

Kada wani ya ɗauka muna cewa a fasa kwamfuta a koma zamanin da. Manhaja tana da amfaninta, kuma gaskiya ta sa mu faɗa. Tana hana mai gabatarwa cika mana kunne da waƙar abokinsa. Tana ba ƙaramar tasha damar yin aiki har tsakar dare ba tare da ta ɗauki ma'aikata goma ba. Tana ajiye lissafin abin da aka saka, wanda da shi ne mawaƙi zai iya neman haƙƙinsa. Mun kuma ga abin da mutum ya yi lokacin da iko duka yake hannunsa: ya sayar. Sai dai zuwan kwamfuta bai kashe cin hancin ba, ya dai canza masa ƙofa. A 2005 babban lauyan gwamnatin jihar New York, Eliot Spitzer, ya bankaɗo yadda ake ba ma'aikatan rediyo tafiye-tafiye da kayan lantarki don a saka waƙoƙi, har kamfanin Sony BMG ya amince ya biya dala miliyan 10. Shekara 26 ke nan bayan fitowar Selector. Wanda ya biyo yaranmu bakin ƙofa, shi ma rabin gaskiyar ya faɗa.

Kada mu yi zaton gidajen rediyon Kirista sun tsira daga wannan. A Amurka, masu harkar rediyon waƙoƙin Kirista na zamani sun daɗe da ƙirƙiro wata mai sauraro ta zuci da suka raɗa wa suna Becky: uwa ce mai matsakaicin shekaru, tana tuƙa yara zuwa makaranta, tana son abin da zai kwantar mata da rai. Waƙar da aka ga za ta yi mata ita ke shiga, har marubuta waƙa suka koyi rubuta abin da zai wuce gwajinta. Ba laifi ba ne a ƙarfafa uwa mai gajiya. Amma ku tuna littafin Zabura yana da waƙoƙi 150, kuma da yawa daga cikinsu kuka ne da makoki da tambayar Allah dalili. Da za a saka wa mutane 'yan daƙiƙoƙi daga irin waɗannan a ce su ba da maki, nawa ne za su tsallake? Mu da muka binne 'yan'uwa a lokutan rikici, muka ga waɗanda aka raba da gonakinsu, mun san akwai ranar da waƙar rawa ba ta isa ba. Idan mawaƙanmu suka koma rubuta abin da injin zai karɓa kaɗai, za mu wayi gari ba mu da waƙar da za mu rera a irin wannan rana.

A nan gida, labarin bai daɗe ba. Sai a 1992 aka kafa hukumar NBC aka buɗe ƙofa ga masu zaman kansu, Raypower kuma ta fara watsa shiri a Legas a 1994. Iyayenmu sun tashi da shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, inda mai sauraro zai aika kati da sunansa da na waɗanda yake gaisarwa, a karanta, a saka masa waƙa. A can ka san wanda ya zaɓa, domin an faɗi sunansa da garinsu. Yau gidajen rediyo sun cika biranenmu, da yawansu kuma da kwamfuta suke jera waƙa. Sannan dokar ƙasa ta hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisin gidan rediyo. Ma'ana, waƙar ɗan ƙungiyar mawaƙanmu, idan za ta fita a rediyo a ƙasar nan, ta ƙofar wani za ta bi. Shi ya sa ya zama dole mu san yadda ƙofar take.

Ga amsar da muka ba yaranmu, muna kuma ba ku ita. Kada ku bayar. Akwai bambanci tsakanin sayen fili da toshiyar baki. Idan ikkilisiya ko ƙungiya ta je ofishin talla ta biya kuɗin minti 30, aka ba ta rasit, aka sanar a iska cewa ita ce ta ɗauki nauyin shirin, wannan ciniki ne a fili, kowa ya san abin da yake ji. Amma kuɗin da aka cusa a aljihu a bayan gini don mai sauraro ya ɗauka waƙar da kanta ta ci, yaudara ce, kuma yana danne wani mawaƙin da ba shi da abin bayarwa. Ba ya kyautuwa waƙar da ke yabon Allah mai gaskiya ta shiga ta wannan hanya. Ku koma ku nemi ganin mai kula da kiɗa ko shugaban shirye-shirye. Ku tambaye shi cikin ladabi yadda ake karɓar sababbin waƙoƙi, da ranar da ake sauraron su, da abin da ya rage wa taku. Wataƙila ya ce sautin bai fita ba, ko waƙar ta yi tsawo. Idan haka ne, ku karɓi gyara. Ba kowane ƙi ne zalunci ba.

Ku kuma masu saurare, kuna da ƙarfin da ba ku amfani da shi. Tasha tana tsoron hannunku. Idan an buɗe layi, ku kira ku nemi waƙar da kuke so da sunanta. Idan kun ji mai gabatarwa ya saka sabon mawaƙi na garinku, ku aika saƙo ku yaba masa, domin ya yi kasada. Idan an saka abin batsa a lokacin da yara ke hanyar makaranta, ku rubuta wa shugaban tashar, kada kuma ku yarda a ce muku kwamfuta ce. Sannan kowa ya gwada wannan a makon nan: duk waƙar da ka kama kanka kana rerawa, ka tsaya ka faɗi kalmominta a hankali ba tare da kiɗa ba. Ka yarda da abin da take faɗa? Ko dai yawan ji ne ya manna maka ita? Wannan ya shafi wayarka ma, domin YouTube da Audiomack da TikTok su ma da dokokin da wasu mutane suka rubuta suke jera maka abin da za ka ji.

A ƙarshe, akwai a cikinku masu karatun aikin jarida da masu karatun kwamfuta. Nan da 'yan shekaru wasunku ne za su zauna a kan wannan kujera, su raba waƙoƙi aji-aji, su rubuta dokokin. Ranar da wani yaro zai shigo da filas a hannu yana rawar jiki, ku saurari waƙarsa har ƙarshe. Idan ba ta yi ba, ku dube shi ku ce, "Ni ne na ƙi, ga kuma dalilina." Idan ta yi, ku shigar da ita ba tare da ya ba ku ko ruwan leda ba.

Yaranmu sun koma tashar a makon da ya wuce, hannu babu komai sai filas ɗinsu, an kuma ce su dawo su ga mai kula da kiɗa. Ko waƙar ta fita ko ba ta fita ba, ranar Lahadi za su rera mana ita a sujada. Ku zo da wuri.

Ubangiji ya tsare kunnuwanmu da zukatanmu. Amin.